Buji Na Huɗu

Surukina ba ya buɗe kapon mota, wato murfin inji, kafin ya faɗi ciwonta. Tun yana da ido haka yake, balle da yanar ido ta rufe masa su. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana gyaran mota a Gaya, a garajin da ke gindin gangare, inda hanyar unguwarmu ta haɗu da babban titi mai zuwa gada. Da ganinsa ya ragu, hannu kuma ya fara rawa, sai ya sakar wa ƴaƴansa maza biyu aikin ƙarfe, shi ya riƙe aikin kunne. Aka ciro masa kujerar gaba ta wata tsohuwar mota, aka kafa masa a gindin mangwaro. Nan yake wuni.

Direba zai zo daga Tanda ko Bana ko Tounouga, a ce masa ya bar inji a kunne. Tsoho ya karkata kai, ya runtse idanun da dama ba su gani sosai, can ya ce famfon ruwa ne, ko sarƙa ta saki, ko kuwa isans, wato fetur, na kwalba mai ruwa aka ɗura mata. A buɗe a tarar haka ne. Dab da shi akwai taubashinsa mai facin taya, wanda ba shi da aikin da ya fi so kamar tsokanarsa. Kullum sai ya ce masa gani ya kori ji, surukina ya ce kunne ya girmi kaka. Da wannan suke buɗe safiya, da shi suke rufe yamma.

Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, ya sayo wata na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta rubuto ciwon mota. Tun daga lokacin yake ta lallaɓa tsohon ya koma gida ya huta. Ba mugunta ba ce, tsoro yake ji kada wata rana uban ya ji kunya a gaban baƙi. Shi kuwa tsohon, da magana ta ishe shi, sai ya yanke wa kansa hukunci a gaban kowa, ya ce ranar da kunnensa ya yi ƙarya a kwashe kujerar a kai zaure, ba zai ce uffan ba. Yaya ya riƙe wannan magana gam. Mu kuma duk mun san abin da zaure ke nufi. Surukata ta rasu da daɗewa, gidan da rana ba kowa sai kaji. Mutumin da ya saba ji da injin kowace mota a garin nan, in aka zaunar da shi can, an gama da shi.

To, ana nan sai ni na sayi mota.

Malamin lakkol ne ni, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci, har surukina, don ba ya kama sunana. Shekara ashirin ina kan babur kafin Allah ya hore mini ƴar ƙaramar mota, irin waɗanda ake ƙetarowa da su ta gada daga Kwatano, waɗanda suka gama yi wa Turawa bauta suka zo mu ƙarasa su. A cikin aljihunta na gaba na tarar da littafinta cikin Faransanci. Ni mutum ne da ko maganin tari na saya sai na karance takardar cikinsa kaf, saboda haka kafin kwana uku na haddace injin nan. Lita ɗaya ne girmansa, ko ma ya gaza da ɗan kaɗan. Sarƙa ke tafiyar da shi, ba igiyar roba ba. Baƙin mai wajen lita uku ya ishe shi. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne silanda, wato ramukan da isans ke ƙonewa a ciki, kowanne da bujinsa mai ba shi wuta. Duk motocin da na sani huɗu gare su. Wannan uku ne, haka aka ƙera shi.

Na bi waya na karanta sauran. Na ga an ce irin wannan inji in yana tsaye a kunne yakan yi ƴar rawar ɗari, kuma ba ciwo ba ne, halitta ce. Na ga an ce famfon ruwansa ba ya da tsawon rai, in injin ya tsufa yakan riƙa shan baƙin mai a ɓoye, bobin ɗin da ke kan buji ma yakan mutu ba sallama. Na cika na batse da ilimi, har na fara koya wa matata, ta ce in bari tukuna ta sauke tukunya.

Abu sabo ba a fara morarsa sai babba ya sa albarka. Ranar Asabar da hantsi na gangara garaji. Kuskurena ɗaya ne, kuma fahariya ce ta jawo shi: na bar inji a kunne don mutane su ji yadda yake kaɗawa. Na fito, na tuɓe takalma daga nesa, na je na tsuguna na gaishe shi. Yaya ba ya nan, ya tafi Kamba neman kayan gyara, ƙaninsa kuma yana kwance ƙarƙashin wata babbar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Amma direbobi sun kai bakwai a inuwar, ga mai faci yana zuba surutu kamar kullum.

Tsoho ya amsa gaisuwa, ya yi addu'a, muka shafa. Sai na ga kansa ya karkata.

"Mushe," ya ce, "wagga amarya taka da ƙahwa ukku taka tahiya. Buji guda ya mutu. Ka sa mata huɗu sabbi, ta bar wagga rawa."

Ba laifinsa ba ne. Inji mai silanda huɗu in buji ɗaya ya mutu haka yake rawa, haka yake ɗingishi, kuma tsohon nan ya ji wannan ɗingishi ya fi a ƙirga. Bai taɓa jin wanda aka haifa da shi ba. Amsar tana bakina, shafi da layi. Amma ina tsugune a gaban uban matata, ba takalmi, mutum bakwai suna kallo, ga kujerar nan da yake kai. Na sunkuyar da kai na ce, "Haka na, Baba."

Mai faci ya miƙe ya ce a buɗe a gani. Na ce ina da taron iyayen yara, na riga na makara. Ranar Asabar ce, ba wani taro. Na figi mota na bar takalmina ɗaya, sai da yamma aka aiko mini da shi.

Na kai wa matata kuka, na ce ta je ta gaya wa babanta a asirce. Ta yi dariya har ta riƙe ciki.

"Ni in tahi in ce mai kunnenai ya yi ƙarya? Wa ya ce haka na gaban mutane, ni ko kai? Ubana na, amma motarka ta."

Da ta gama dariya sai ta ce kada dai in bari Yaya ya ji. Wannan ta faɗa ba da wasa ba.

Kwana biyu sai ga ta ta dawo daga gidansu da ƙunshin takardar siminti. Na kwance, buji huɗu ne sabbi fil. Tsoho ya aiko mini gudummawa. Na sa uku da hannuna ina duba littafi, na huɗun na jefa a aljihun riga, ban san inda zan kai shi ba. Inji ya ci gaba da rawarsa kamar ba a yi komai ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Hanya ɗaya ce daga gidana zuwa lakkol, kuma ta gaban garajin ta bi. Surukina yana gane kowace mota a Gaya da kukanta, har ya kan gaida direba kafin ya tsaya. In na wuce zai ji rawar tana nan, ya tsayar da ni, a buɗe kapo. In na ce an gyara, zai ce in kawo ya saurara. Na kwana biyu ina komawa kan babur, sai maƙwabta suka fara tambaya ko motar ta mutu tun ba a je ko'ina ba. Wannan kam ban iya jurewa ba.

Sai dabara ta zo mini, na kuwa yaba wa kaina. Unguwarmu a kan tudu take. In na kawo kan gangare sai in zare giya, in kashe inji, in sulalo shiru in wuce garaji, sai na sha kwana in tayar. Dawowa kuma in zagaya ta bayan kasuwa, in haura wata hanyar shanu da ba ta dace da mota ba, in iso gida da ƙaya a taya. Ranar farko da na sulale ta gabansa yana zaune yana shan koko, ko kai bai ɗaga ba. Na ji daɗi kamar na ci jarrabawa.

Mai faci dai yana da ido. Kullum da safe zai ga malami guda, da hula da tabarau, yana wucewa cikin mota ba ƙara ba hayaƙi, yana ɗaga masa hannu da fara'ar munafunci. Ya fara yi mini kirari. Wai motar Mushe ta tuba ta daina shan isans, da albarkar iyaye take tafiya. Labari ya kai lakkol, abokan aiki suka riƙa roƙona in koya musu addu'ar. Tsoho kuma duk bayan kwana biyu sai ya aiko ta bakin ɗiyarsa: an sa bujin? Ta ce an sa. Huɗun duka? Ta ce ita ba ta ƙirga ba. Me ya sa ba ya jin wucewata? Ta ce sammako nake yi. Sai ta dawo ta kwashe duka ta gaya mini tana kwaikwayon muryarsa.

Wata guda muka yi a haka. Akwai abin da littafin ya faɗa, a wani shafi mai zanen gargaɗi, wanda na karanta na wuce don ban ɗauka da ni yake ba: birkin irin wannan mota da inji yake samun ƙarfi. In inji ya mutu, taku ɗaya ko biyu ne suka rage maka, na uku sai ka ji kamar dutse kake takawa. Duk kwanakin nan sau ɗaya nake taɓa birki a gangaren, shi ya sa asirina ya rufu.

Ranar wata Talata, lokacin rake ya kama gari, na sulalo kamar kullum. Akuya ta gitta, na taka. Wata mata da tallan muruci ta gitta, na taka. Sai ga amalanken jaki ya fito daga lungu, an lafta masa rake har ba a ganin mai shi. Na taka, birki ya ce bai san zancen ba. Na murɗa sitiyari, shi ma ya yi tauri. Ba gudu nake yi ba, na gode wa Allah, amma haka na tafi a hankali, cikin mutunci, idona biyu, na soka hancin motata cikin damin raken da ake saukewa a bakin garaji. Jaki ya juyo ya dube ni. Ba wanda ya ji ciwo, fitila ɗaya ce ta fashe, ƙarfen gaba ya loɓa.

Kafin in fito an cika wurin. Yaya yana nan, ƙaninsa yana nan, direbobi sun fi na ranar farko. Mai rake ya fara faɗa, da ya gane malamin ɗiyarsa ne sai ya koma dariya, abin da ya fi faɗan ciwo. Yaya ya ce sai an buɗe an duba ko tankin ruwa ya huje. Ba ni da taron iyayen yara da zan fake da shi. Ya ɗaga kapo, ya leƙa, na ga idonsa ya tsaya a kan bobin uku da ke jere. Ya dube ni, ya dubi ubansa. An riga an ba shi labarin ƙafa uku, kowa ya ba shi.

Mai faci ya cusa kai shi ma. "Guda, biyu, ukku," ya ƙirga da ƙarfi. "Ina na huɗu? Makaho, ba huɗu ka aika ba? Ko jaki ya haɗiye guda?"

Na ciro handiki in share gumi, sai bujin nan ya biyo shi ya faɗi ƙasa, ya gangara har gaban kujera. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tsoho ya ce a tayar da inji. Aka tayar, ya yi rawarsa. Ya ce a kama masa hannu. Ƙaramin ɗansa ya kai shi gaban mota, ya ɗora tafinsa a kan inji, ya bi da yatsa. Ya taɓa na ɗaya, na biyu, na uku, ya miƙa hannu neman na huɗu, hannun ya faɗa iska. Ya sake komawa farko ya biyo. Ban taɓa jin tausayin mutum da kunyar kaina a lokaci guda kamar ranar ba. Da ƙasa za ta tsage da na shige da motar duka.

Ya ɗago kai. "Nawa nic ce ranan nan?"

Wani direban Tanda ya ce, "Ukku ka ce, Baba."

"Nawa anka iske?"

"Ukku."

"To kunne ya ƙirga daidai. Masu ƙirar mota na sunka yi rowa."

Aka fashe da dariya, mai faci ya ce tsohon ɓarawo ya sake tsira. Yaya ya yi murmushi yana girgiza kai, ya ce ai kuwa uku ya ce, ya juya ya ci gaba da duba tankin ruwa. Na gane ba zai taɓa kujerar ba, wataƙila ma ya fi kowa jin sanyi a ransa. Na sauke ajiyar zuciya, na ɗauka an gama.

Da mutane suka watse tsoho ya ce in matso. Na tuɓe takalma na tsuguna. Yana juya bujin nan a hannunsa.

"Mushe, tun ranar ka sani?"

"Na sani, Baba."

"Ka sani, ka ce haka na."

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

"Ni na san ban ci ba. Buji nic ce ya mutu, buji bai mutu ba. Waɗancan na yi musu wayo, sun so a yi musu. Amma kai." Ya nuna ni da bujin. "Yaran ga jira sukai in yi kuskure su kai ni zaure, ko banza suna saurarena. Kai wata guda kana wucewa ta gabana shiru kamar mai bin bayan gawa. Kana tsammanin ban ji tayarka bisa tsakuwa ba? Kullum ina ji. Na ce wanga mi na yi mai. Wanda aka ce ma haka na ko ya yi daidai ko bai yi ba, ai an riga an kai shi zaure."

Ni da nake ganin kujerarsa nake tsare masa, ashe ni na fara ɗauke ta. Hawaye ya zo mini, na sunkuya sosai kada mai faci ya gani ya samu abin tsokana na kwana arba'in.

Hukuncin da ya yanke mini shi ne kullum da safe in tsaya a gabansa da inji a kunne, minti biyar, yana so ya koyi yaren wannan inji. Na yi ta makara lakkol. Ya sa na karanta masa littafin daga bango zuwa bango ina fassarawa, yana tsayar da ni yana musu da Turawan da suka rubuta. Kafin sati biyu ya raba rawar halitta da rawar ciwo. Wata safiya ya ce akwai ɗan kuka siriri a ɓangaren dama, famfon ruwa ya fara gajiya. Na'urar Yaya ba ta ga komai ba. Aka kwance aka tarar ya fara tsatsafo. Yanzu irin motocin nan sun cika Gaya, duk wadda ta zo sai ya fara tambaya ƙafa nawa aka haife ta da su. Bujin kuwa ya ɗaure shi da zare a jikin kujera, in mai faci ya dame shi sai ya kaɗa masa.

Amma bai gama da ni ba. Ya shiga ɗana mini tarko. Zan zo gaisuwa, yana cikin mutane, sai ya saki wata magana da ya san ba haka take ba, ya karkato kunne wajena. Rannan ya ce wai injin motata igiyar roba ke tafiyar da shi, ya kamata a canza ta kafin ta tsinke. Bakina ya riga ya ɗauko amsar da ya saba. Na haɗiye ta da ƙyar. Gumi ya keto mini, na dubi ƙasa, na dubi takalmana can nesa, na ce da muryar da ni kaina ban gane ba, "Ba haka na ba, Baba. Sarƙa ta."

Direbobi suka zaro ido. Mai faci ya ce duniya ta zo ƙarshe, suruki ya ƙaryata suruki. Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya lalubo kaina ya dafa. Da yamma matata ta dawo daga gidansu tana dubana wani iri. Na ce lafiya? Ta ce babanta ya ba ta saƙo, wai in ji shi, shekara goma sha bakwai da ya ba ni ɗiya, sai yau ya samu ɗa.